Tarihin Furotin Tau da Ciwon Gigin Tsufa, Daga 1906 Zuwa Yau

Gabatarwa



Idan dattijo ya fara manta sunayen 'ya'yansa, ko ya riƙa ɓacewa a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana zuwa, Bahaushe yakan ce gigin tsufa ne. Wannan suna yana ɗauke da hukunci a cikinsa, domin ya jingina abin ga tsufa, tsufa kuwa ba shi da magani. Likitocin Turai ma haka suka ɗauki al'amarin har cikin ƙarni na 20. Abin da ya sauya musu ra'ayi shi ne wasu alamomi guda biyu da aka riƙa gani cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da wannan lalura. A cikin wannan lacca za mu bi tarihin ɗaya daga cikin alamomin, watau wani sarƙaƙƙen zare da ke cika ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa, da kuma sinadarin da aka gano zaren daga gare shi yake, wanda ake kira tau. Tambayar da masana suka kusa shekara ɗari suna jayayya a kanta ita ce: wannan zare shi ne wutar da ke cin ƙwaƙwalwa, ko kuwa tokar da wutar ta bari ce?

Abin da Alzheimer ya gani

Ran 25 ga Nuwamba, 1901, aka kai wata mace mai shekara 51, sunanta Auguste Deter, asibitin masu taɓin hankali na birnin Frankfurt a ƙasar Jamus. Ta fara ne da zargin mijinta ba dalili, daga nan mantuwa ta kama ta, ta riƙa ɓoye kayan gida, ta kasa gane ɗakunan gidanta. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Ya lura cewa idan aka ce ta rubuta sunanta takan fara, kafin ta kai ƙarshe ta manta abin da take rubutawa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne shekarunta, gama ba ta kai munzalin da ake sa ran ganin irin wannan ruɗewa ba.

Ta rasu ran 8 ga Afrilu, 1906. A lokacin Alzheimer ya riga ya koma Munich yana aiki da Emil Kraepelin, sai aka aika masa da ƙwaƙwalwarta can. Ya yanka ta falle-falle, ya rina da wani sabon rinin azurfa da Max Bielschowsky ya ƙago 'yan shekaru kafin nan, ya sa a madubin likita. Ya ga abu biyu. Na farko, wani irin tabo da ya warwatsu a tsakanin ƙwayoyin jijiya. Wannan ba sabon abu ba ne, don Blocq da Marinesco sun bayyana shi a Faris tun 1892. Na biyu shi ne sabon: a cikin su kansu ƙwayoyin, zare ya yi kauri ya sarƙe, har a wasu wuraren ƙwayar ta mutu ta narke, zaren kaɗai ya rage yana nuna inda take a da. Ya kimanta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwar sun kamu. Ya kuma yi hasashen cewa lalle sinadarin zaren ne ya sauya hali, tun da yana karɓar rinin da lafiyayyen zare ba ya karɓa.

Ya gabatar da wannan bayani ran 3 ga Nuwamba, 1906, a taron likitocin hankali a Tübingen. Ba wanda ya yi masa tambaya ko ɗaya. A 1910 Kraepelin ya sa wa ciwon sunan Alzheimer a bugu na takwas na littafinsa na koyar da likitoci, amma ya ware shi a matsayin ciwon da ba a cika gani ba, mai kama mutum kafin tsufa. Alhali kuwa tun 1907 Oskar Fischer na birnin Prague ya nuna irin wannan tabo a ƙwaƙwalwar tsofaffi 12 daga cikin 16 masu gigin tsufa. Rarrabewar Kraepelin ce ta yi rinjaye, ta kuwa jawo jinkiri mai tsawo: ciwon 'yan kaɗan ba ya jan kuɗin bincike, ruɗewar tsofaffi kuma an bar ta ga tsufa.

Shekarun jiran kayan aiki

Madubin likita na wancan zamani ya kai iyakarsa. Sai da aka sami madubi mai aiki da elektiron sa'an nan aka ci gaba. A 1963 Michael Kidd a Landan da Robert Terry a New York suka duba zaren da wannan sabuwar na'ura. Kidd ya ga ashe kowane sili guda biyu ne aka murɗe, kamar yadda ake tufka igiya, kuma murɗin yana maimaituwa bayan kimanin nanomita 80. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

A 1968 Blessed da Tomlinson da Roth, a birnin Newcastle na Ingila, suka gwada hankalin tsofaffi tun suna da rai, bayan rasuwarsu suka ƙirga alamomin da ke cikin ƙwaƙwalwarsu, suka tarar yawan alamomin yana tafiya da tsananin ruɗewar. Bisa irin wannan hujja ne Robert Katzman ya yi rubutu a 1976 yana cewa ciwon Alzheimer da mafi yawan abin da ake kira gigin tsufa abu guda ne, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a Amurka. Daga nan gwamnatoci suka farka. Sai dai har a lokacin ba a san da me aka yi zaren ba, domin ya ƙi narkewa cikin kusan duk ruwan da masana sinadarai ke narka furotin da shi, abin da bai narke ba kuwa da wuya a tantance shi. Da yawa sun zaci wani zare ne dabam wanda daman aka sani cikin jijiya.

Yadda aka gano tau

Amsar ta fito daga wajen mutanen da ba ciwo suke bincike ba. Ƙwayar jijiya tana da doguwar wutsiya wadda take aika saƙo da ita, wata ma takan kai mita guda. A cikin wutsiyar akwai 'yan siraran bututu da ke riƙe ta, waɗanda kuma ta kansu ake jigilar abinci da kayan gyara daga gindin ƙwayar zuwa ƙarshenta. A Jami'ar Princeton ta Amurka, Marc Kirschner da ɗalibansa suna son sanin abin da ke sa waɗannan bututu su haɗu. A 1975 Murray Weingarten da abokan aikinsa suka tace wani furotin daga ƙwaƙwalwar alade, wanda idan babu shi bututun ba sa haɗuwa yadda ya kamata. Suka sa masa sunan harafin Girkanci, tau.

Furotin dai jerin ƙananan sinadarai ne da ake kira amino asid, a jere kamar ƙwayoyin carbi, kuma galibi jerin yakan naɗe ya ɗauki siffa guda wadda da ita yake aiki. Tau ya saɓa wa wannan. Ba shi da tsayayyar siffa, sako-sako yake, yana narkewa cikin ruwa da sauƙi, ko an tafasa shi ba ya daskarewa. Aikinsa ga bututun kamar aikin tanka ne ga darni: yana kwanciya a jikinsu ya riƙe su. Ba abin mamaki ba ne da aka yi shekara goma ba wanda ya kawo cewa wannan abu mai laushi shi ne zaren nan da ya gagari narkewa.

A 1985 Jean-Pierre Brion na birnin Brussels ya yi amfani da sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya manne wa komai sai tau, ya zuba a kan ƙwaƙwalwar masu ciwon, sai ga shi ya manne wa sarƙaƙƙen zaren. A 1986 ƙungiyoyi da dama a Amurka da Japan da Faransa suka sami wannan sakamako. Daga cikinsu Inge Grundke-Iqbal da Khalid Iqbal a New York suka ƙara da cewa tau ɗin da ke cikin zaren ya sha lodin wani sinadari mai suna fosfet. Lafiyayyen tau yakan ɗauki fosfet biyu ko uku, na cikin zaren kuwa ya ninka haka sau uku ko huɗu, kuma idan lodin ya yi yawa sai ya saki bututun. Duk da haka masu shakka suka ce mai yiwuwa tau ya lafe ne kawai a jikin zaren. A 1988 Claude Wischik da Michel Goedert da Tony Crowther da Aaron Klug, a Cambridge, suka kankare duk abin da ke bayan zaren, suka karanta jerin abin da ya rage a tsakiya, suka tarar tau ne. Hasashen da Alzheimer ya yi ya tabbata ke nan bayan shekara 82. Shekara guda bayan haka Goedert ya nuna cewa ƙwaƙwalwar baligi tana yin tau iri shida, masu tsawon amino asid 352 zuwa 441, duka daga ƙwayar gado guda da ke kan kuromosom na 17. Uku daga cikinsu suna da maɗauri uku na kama bututu, uku kuma suna da huɗu.

Jayayyar ɓangarori biyu

A daidai wannan lokaci masu binciken tabo su ma sun yi nisa. A 1984 George Glenner da Caine Wong suka tantance sinadarin da ake kira amiloyid, wanda aka tabbatar shi ne ke cikin tabon. An gano ƙwayar gadonsa tana kan kuromosom na 21, sa'an nan a 1991 aka sami wani dangi a Ingila da ke gadon ciwon Alzheimer saboda tawaya a wannan ƙwayar gado. Hujja ce mai ƙarfi ƙwarai. A 1992 John Hardy da Gerald Higgins suka tsara ra'ayin cewa amiloyid ne mafarin komai, zaren tau kuwa abu ne da ke biyo baya. Wannan ra'ayi ya mamaye fagen, kuɗin bincike da na kamfanonin magani suka karkata can.

Masu ra'ayin tau suna da tasu hujjar. A 1991 Heiko Braak da matarsa Eva Braak, a Frankfurt, garin da labarin ya faro, suka bincika ƙwaƙwalwa 83, suka tarar zaren ba barkatai yake bazuwa ba. Yakan fara a wani ɗan yanki kusa da cibiyar ajiye sababbin abubuwan tunawa, ya shiga cibiyar, daga nan ya haura zuwa sassan magana da tunani. Suka kasa tafiyar mataki shida. A matakai biyu na farko mutum lafiya lau yake a ido. Wannan tsari ya dace da abin da masu jinya suka daɗe da sani, watau majinyaci yakan manta abin da ya ci da safe alhali yana tuna ƙuruciyarsa, sai daga baya magana da sanin mutane su tafi. A 1992 wasu masana a Boston suka nuna cewa yawan zaren ne ke tafiya da tsananin ciwon da daɗewarsa, fiye da yawan tabo. Amma abokan jayayyarsu suka ce yawan toka ma yana tafiya da girman gobara.

Hukuncin 1998

Abin da ya rage shi ne a sami mutanen da tau ɗinsu kaɗai ya lalace, a ga ko za su kamu. An daɗe da sanin wasu dangogi a Amurka da Holan da wasu ƙasashe masu gadon wata irin ruɗewa da ke farawa da sauyin hali: mutum mai kunya ya zama marar ta-ido, mai tattali ya zama almubazzari, tun yana ɗan shekara arba'in ko hamsin. A 1998 ƙungiyoyi uku, ta Michael Hutton da ta Gerard Schellenberg da ta Maria Grazia Spillantini, suka gano tawayar tana cikin ƙwayar gadon tau. Ƙwaƙwalwar waɗannan mutane cike take da tarin tau, ba tabon amiloyid. Wani abin lura shi ne, a wasu dangogin furotin ɗin kansa lafiya yake, abin da ya karkace kawai shi ne ma'aunin mai maɗauri uku da mai huɗu, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe jijiya. An sami irin wannan tawaya fiye da 50 daga baya.

Wannan ya tabbatar cewa tau yana iya zama wuta da kansa. Amma fa ciwon waɗannan dangogi ba Alzheimer ba ne, don haka bai rushe hujjar amiloyid ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ne suka sulhunta ɓangarorin. A 2001 aka nuna a jikin ɓeraye cewa amiloyid yana hanzarta sarƙewar tau, a 2007 kuma aka nuna cewa ɓeran da aka rage wa tau ba ya ruɗewa ko da amiloyid ya cika masa kai. Hujja mafi ban mamaki ta zo daga lardin Antioquia na ƙasar Kolambiya, inda wani babban dangi ke gadon Alzheimer, masu ɗauke da tawayar sukan fara ruɗewa wajen shekara 44. A 2019 aka ba da labarin wata mace daga cikinsu wadda ta haura saba'in kafin alama ta bayyana. Hoton ƙwaƙwalwarta ya nuna amiloyid jingim, tau kuwa kaɗan. Ra'ayin da galibin masana suka tsaya a kai shi ne, a ciwon Alzheimer amiloyid ne ke fara taruwa shekaru da yawa kafin alama, amma hankali ba ya gushewa sai tau ya bazu.

'Yan dambe da 'yan ƙwallo

Akwai wani reshe na tarihin da ya taso daga filin wasa. A 1928 Harrison Martland, likitan binciken gawa a jihar New Jersey, ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben zamani ke tangaɗi da rawar jiki da ruɗewa. A 1973 Corsellis da abokan aikinsa a Ingila suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan dambe 15, suka tarar da sarƙaƙƙen zare mai yawa. A 2005 Bennet Omalu, likita ɗan Nijeriya da ya yi karatu a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, yana aiki a Pittsburgh, ya buga rahoton abin da ya gani a ƙwaƙwalwar Mike Webster, shahararren ɗan ƙwallon Amurka irin ta karo da kai, wanda ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitocin hukumar wasan suka nemi a janye rahoton, sai a 2016 wani jami'inta ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa. A 2017 Ann McKee ta Boston ta sami ciwon a 110 daga cikin ƙwaƙwalwa 111 na tsofaffin 'yan wasan hukumar, ko da yake iyalan da suka ga alamar ciwo ne suka fi ba da gawa, saboda haka adadin ba ma'aunin dukkan 'yan wasa ba ne. A wannan ciwo tau yana fara taruwa ne a kewayen ƙananan hanyoyin jini, can cikin lungunan ɓawon ƙwaƙwalwa inda girgizar duka ta fi tsanani. Ƙwaƙwalwa ba ta bambanta naushin safar hannu da na hannun da aka naɗe da zare, don haka wannan darasi ya shafi masu shirya dambe a ko'ina.

Yaɗuwa da siffa

Saura tambayar da aikin Braak ya bari: me ya sa zaren ke bin hanya guda? A 2009 Florence Clavaguera da Markus Tolnay a Basel, tare da Goedert, suka ɗebi lalataccen tau suka sa a ƙwaƙwalwar ɓeran da nasa lafiya yake. Bayan watanni nasa ya sarƙe, sarƙewar kuma ta bi hanyoyin jijiya zuwa sassan da ke maƙwabtaka. Watau lalataccen tau yana tilasta wa lafiyayye ya ɗauki siffarsa, shi kuma ya tilasta wa na gaba. Wannan yaɗuwa a cikin ƙwaƙwalwa guda take, ba a ɗaukar ciwon ta zama da majinyaci ko cin abinci tare da shi.

A 2017, a wannan ɗakin bincike na Cambridge, Anthony Fitzpatrick da Sjors Scheres da Goedert suka daskarar da zaren cikin tsananin sanyi, suka ɗauki hotonsa har aka ga mazaunin kowane amino asid. Cikin shekaru huɗu suka yi haka ga da dama daga cikin sauran cututtukan tau, waɗanda yawansu ya haura 20. Sakamakon shi ne galibi kowane ciwo da irin naɗinsa. Naɗin Alzheimer dabam, na ciwon Pick dabam, na 'yan dambe dabam, kuma masu ciwo iri ɗaya naɗinsu iri ɗaya ne. Furotin guda ke nan, amma yadda ya naɗe shi ke tafiya da sashen da zai ci da alamar da za a gani.

Kammalawa

Shugaban taro, amfanin wannan dogon bincike ya fi bayyana a wajen gane ciwo. A zamanin Alzheimer sai bayan mutuwa ake tabbatarwa. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani sinadari da ke nuna tau a hoton ƙwaƙwalwar mai rai, a shekarar kuma masana a Lund ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa auna wani nau'in tau mai fosfet a cikin jini yana bambanta Alzheimer da sauran cututtuka. A watan Mayu na 2025 hukumar ta ba da izinin gwajin jini na farko irin wannan. Wajen magani kuwa tafiyar ta fi wuya. Maganin da Wischik ya tsara don warware zaren bai cim ma burinsa ba a babban gwajin 2016, haka nan allurai da dama da aka yi don kama tau a tsakanin ƙwayoyi. Magungunan da aka amince da su a 2023 da 2024 amiloyid suke kwashewa, rage saurin ciwon kawai suke yi, kuma a gwajin ɗaya daga cikinsu waɗanda tau bai yi musu yawa ba su suka fi amfana. Akwai kuma wata hanya ta rage yawan tau da jiki ke yi tun daga tushe, wadda a rahoton 2023 ta rage shi da fiye da rabi a ruwan laka, ana kuma ci gaba da gwada ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da ruɗewar ƙwaƙwalwa, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Ga irin waɗannan ƙasashe gwajin jini ya fi na'urar hoto mai tsada kusa da hannu. Kafin ya iso kuwa, akwai abin da tarihin nan ya riga ya ba mu kyauta. Tsohuwar da ke fita tsakar dare tana sambatu, wadda a wasu wurare akan jefe ta da maita, majinyaciya ce mai lalura a ƙwaƙwalwa wadda aka san sunanta da siffarta. Haƙƙinta ne a kai ta asibiti, domin wasu abubuwan da ke kawo ruɗewa suna da magani, wanda ba shi da shi kuma yana da hanyoyin jinya da ke sauƙaƙa wa majinyaci da iyalinsa.